Ɗiyan Kwatas: Me Muke Bege Idan Muka Tuna Kalambaina?

A Sakkwato, tambayar farko da dattijo kan yi wa yaron da bai sani ba ita ce, "Kai ɗan wa na?" Sunan uba kaɗai ba ya gamsar da shi. Yana son ya ji gida, ya ji shiyya, ya san ko Gidaɗawa ce ko Kanwuri ko Rijiyar Ɗorowa, domin daga nan zai lalubo kakan yaron, ya san irin gaisuwar da zai aika da ita. Amma akwai waɗanda suka tashi a ƙasar nan da wannan tambaya ba ta zauna musu daidai ba. Abin da suka buɗe ido da shi lambar gida ce a jikin bango, da sashen da mahaifinsu ke aiki: ɗan mai gyaran lantarki, ɗan direba, ɗiyar akawu, ɗan mai kula da murhu. Su ne ɗiyan kwatas, waɗanda suka yi ƙuruciya a gidajen ma'aikata da ke gindin kamfanin siminti na Kalambaina, kuma ni ɗaya ne daga cikinsu.

Yau mafi yawanmu mun haura arba'in, wasu sun ba hamsin baya. Duk inda biyu suka haɗu, wurin ɗaurin aure ko zaman makoki, ba a jimawa hira ta karkata can. Masu sauraro sukan ce, "Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba." Karin maganar tana da gaskiyarta, amma ba ta ɗauke al'amarin nan duka ba. A cikinmu akwai likitoci da malaman jami'a da manyan 'yan kasuwa, mutanen da suka gina gidajen da iyayensu ba su taɓa mafarkin irinsu ba, suka sauke farali suka kai tsofaffinsu, amma da an ambaci kwatas sai ka ji muryarsu ta sauya. Bana ta yi musu daɗi, bara kuma ba ta sake su ba. A ganina abin da ke riƙe da mu wani tsarin zama ne wanda albashi guda ya ɗauke nauyinsa gaba ɗaya, tsarin da siyasa da tattalin arzikin wani zamani suka haifa, ya kuma tafi tare da zamanin ba tare da ya bar mana ƙofar komawa ba.

Sai an san dalilin kafa kamfanin a nan kafin a gane garin da ya tsiro a gefensa. Masana duwatsu sun tabbatar da cewa fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce ruwan teku ya taɓa kwanciya a wannan yanki, kuma ɓawon halittun cikinsa ne ya taru ya zama farin dutsen da ake siminti da shi. Har sunan Kalambaina suka sa wa wannan shimfiɗar dutse a littattafansu. Mu yara ba mu san wannan ba, amma mukan tsinci dutse mai siffar katantanwa ko ƙumba, mu juya shi a hannu muna gardamar yadda aka yi ya zo ƙasar da ko kogin Rima kan ja baya da rani. Dutsen yana nan tun fil azal, siyasa ce ta taso da shi. Gabas ta samu kamfanin siminti a Nkalagu a 1957, Yamma ta samu nata a Ewekoro a 1960, Arewa kuwa tana sayo siminti daga nesa. Sakkwato ta fi kowa jin jiki, domin layin dogo bai taɓa isowa nan ba. Ya tsaya Ƙauran Namoda tun 1929. Buhun da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Legas sai ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin magini ya zuba masa ruwa a nan, siminti kuwa kaya ne mai nauyi da kuɗin dako ke cinye ribarsa. Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta yi wa kamfanin rajista a 1962. Ya fara fitar da siminti a 1967, shekara guda bayan kisan Sardauna, da ƙarfin tan 100,000 a shekara, wato buhu miliyan 2.

Murhun gasa dutse ba a kashe shi don dare ya yi ko don Juma'a ta zo. Zafin cikinsa yakan kai digiri 1,450, kuma idan ya huce, sake hura shi asara ce ta kwanaki da ta mai. Saboda haka dole a samu mutane a kansa dare da rana, kuma dole su kwana kusa, ta yadda idan wani abu ya tsaya da ƙarfe biyun dare za a buga wa makaniki ƙofa ya fito. A wancan lokaci Kalambaina bayan gari ce sosai, ba kabu-kabu, ba wayar hannu, ba gidajen haya. Ƙwararrun da aikin ke buƙata kuma ba duka ake samu a Sakkwato ba. Sai an ɗauko su daga Kaduna da Jos da Ilorin da ƙasar Ibo, mutum kuwa ba ya kwaso iyalinsa zuwa ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu sai an ba shi gida da ruwa da wuta da wurin kai yaro idan zazzaɓi ya kama shi. Nan asalin kwatas yake. Lissafi ne na aiki, irin wanda ya gina unguwannin ma'aikatan reluwe, da Bacita ta kamfanin sukari, da Ashaka a ƙasar Gombe. Ban faɗi haka don in rage wa abin daraja ba. Sau da yawa alherin da ya fi daɗewa shi ne wanda mai yin sa ma yake da buƙata a ciki.

Yaro bai san lissafi ba. Abin da ya sani shi ne duniya tana da tsari. A birni kiran salla ke raba yini; mu muna da kiran salla, muna kuma da canjin aiki. Ka san lokacin da iyaye maza za su fito a jere, wasu a kan keke, wasu a ƙasa, da hular kwano a hannu. Ka san gidan da ba a buga ƙwallo kusa da tagarsa da hantsi, domin mai gidan ya yi aikin dare yana barci, kuma ba sai uwarka ta gargaɗe ka ba, kowace uwa a layin tana da ikon ta ce, "Kai, ku koma can gindin dogon yaro, Baba shina kwana." Ka san ƙarshen wata, domin ranar kowane gida ake jin ƙamshin nama lokaci ɗaya, mai fura da mai itace da mai kayan koli duk su zo karɓar bashinsu a yini guda. Tsakiyar wata ma tare ake shigarta. Wannan daidaito yana da nauyi a ran yaro fiye da yadda ake zato: talauci ya fi ciwo idan kai kaɗai ne a cikinsa, mu kuwa ƙuncinmu da yalwarmu rana ɗaya suke zuwa.

Akwai wani abu ƙarami da nake ganin ya fi kowane hoto riƙe wancan zamani, wato takardar buhun siminti. Buhun da na takarda ne mai kauri, ruwan ƙasa, rufi-rufi. Ana ɓare na ciki da ya taɓa siminti a yar, a kakkaɓe na tsakiya, a shimfiɗa shi ƙarƙashin tabarma ya kwana ya miƙe. Da shi muke yi wa littattafan makaranta bango a farkon zango, a naɗe kusurwa huɗu da kyau, a rubuta suna da aji da biro. Da shi mai tsire ke ƙunshe nama, mai ƙosai ma haka, mai ya ratsa takardar ta yi duhu. Da shi ake toshe tagar da gilashinta ya fashe idan hunturu ya kankama. Yaron da ya je makaranta da littafi mai irin wannan bango bai jin kunya, domin aikin ubansa ne a hannunsa, kuma duk ginin da ya gani yana tashi a birni, tun daga sakatariyar sabuwar jiha har jami'ar da aka kafa a 1975, yana iya cewa a ransa da gumin babana a ciki. Buhun yau na leda ne saƙaƙƙe. Ya fi jure ruwa, amma ba a bangon littafi da shi.

Sai maƙwabtaka, wadda ita ce aka fi ambata. A cikin birni maƙwabcinka danginka ne ko wanda kakanninku suka san juna. A kwatas ofishin ma'aikata ke zaɓa maka maƙwabci, kuma ba ya duba ƙabila ko addini, matakin albashi yake dubawa. Sai ka ishe Basakkwace da Bayarabe da Ibo da Dakarkari daga Zuru da Bazabarme da Tibi sun haɗa katanga, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ranar Salla mu ke yawo da kwanonin tuwon shinkafa da soyayyen nama gida-gida. Ranar Kirsimeti kwanonin su dawo da shinkafa da kaza, kuma uwayen sun san wanda za a kai wa ya yanka kazar don kowa ya ci. Ɗiyan Ibo da Yarabawa suna Sakkwatanci tsantsa, suna "mi kaka yi" da "taho nan", suna bin mu tashe da azumi. Idan aka yi haihuwa cikin dare, matar da ta fi kusa ce ke shiga, ba a tambayar daga ina ta fito. Ba wani taron haɗin kan ƙasa da ya koya mana wannan. Famfo ɗaya ne ya koya mana, da sanin cewa iyayenmu maza gobe za su tsaya a kan inji ɗaya, ran wannan a hannun wancan.

To amma ga inda begen ɗan kwatas ya rabu da na kowa. Wanda ya tashi a ƙauye, ko a tsohuwar shiyya, idan kewa ta dame shi yana da inda zai je. Ko gidan ya zube, filin na nan, kushewar kakansa na nan, akwai tsohuwar da za ta dube shi ta ce, "Ashe kai ne, ɗan wane." Gidan kwatas kuwa na aiki ne. Ranar da aiki ya ƙare, ta ritaya ko ta sallama ko ta mutuwa, ana ba da wa'adi a miƙa mabuɗi, haka ƙa'idar take a kowane irin wannan gida a ko'ina, kuma kowa ya sa hannu a kanta tun ranar shiga. Manya sun sani, yara ne ba su sani ba. Na ga ranar da motar kaya ta tsaya ƙofar wasu maƙwabtanmu bayan rasuwar maigidan. Aka ɗora gado da kujeru da keken ɗinki, uwar tana bin gidaje tana neman gafara, mu kuma muna tsaye muna kallon abokinmu a saman kaya yana riƙe da kejin tantabarunsa. Kafin wata ya zagayo an shafa sabon fenti, wani iyali ya shiga, mangwaron da suka dasa ya zama na wasu. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Mun yi ƙuruciyarmu cikin zanen aro, kuma ya rufe mu sosai har muka manta na aro ne.

Wannan ya bar tabo iri biyu. Na farko a kan iyaye: mutum ya yi shekara ashirin ko talatin ba ya biyan haya, ba ya biyan ruwa, sai tunanin sayen fili ya yi ta jinkiri, ya fito da garatutin da hauhawar farashi ta riga ta cinye rabinsa, ya koma haya da furfura. Waɗanda suka yi dabara suka sayi fili a Arkilla ko Gwiwa ko Runjin Sambo tun ana sayar da shi da arha, su ne suka sauka lafiya. Na biyu a kan ɗiya, musamman waɗanda iyayensu suka zo daga nesa. An haife su a nan, harshensu na nan ne, amma ranar neman gurbin karatu ko aikin gwamnati sai a ce su kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarsu ta asali, su tafi garin da ba su taɓa kwana bakwai a jere a cikinsa ba, inda ake kallonsu a matsayin Hausawa. Irin waɗannan su suka fi kowa zafin bege. Garin da suke kira nasu babu shi a takarda, babu shi kuma a ƙasa.

Bege yana da halin tace abu, ya riƙe mai daɗi ya zubar da saura, kuma ba adalci ba ne a yi fashin baƙi a bar abin da ya zubar. Zaman kwatas zama ne na matakai. Gidan babban ma'aikaci daban, na ƙarami daban, kuma yara sun san wannan tun kafin su iya karatu. Sun san gidan da ke da fili da furanni da ɗakin yaran gida, sun san wanda iyali takwas ke cikin ɗaki biyu. Matsayin uba a wurin aiki yana bin ɗansa har filin ƙwallo. Idan uba ya samu saɓani da shugabansa, ba shi da inda zai kauce masa, domin a masallaci ɗaya za su yi Magariba. Mun kuma ga iyayenmu suna dawowa fari fat tun daga gira har takalmi, muna dariya muna cewa sun zama tsofaffi, ba mu san abin da ƙura irin wannan ke yi wa ƙirjin mutum cikin shekaru ba, abin da likitoci suka daɗe da sani game da aikin siminti a duk duniya. Daɗin da muka ji wani ne ya saye shi da barcinsa da huhunsa.

Akwai kuma na bayan wayar shinge. Kowane kamfanin haƙar dutse a kan gonar wani yake zaune. Ƙauyukan da ke kewaye sun riga kamfanin zuwa, kuma yaransu su ne ke kawo mana nono da itace da rake, su tsaya su sha ruwa a famfonmu kafin su juya. Muna da wuta, suna da fitilar ƙwai. Ƙurar da ke sauka kan rufinmu tana sauka kan geronsu, ramin dutse kuma kullum faɗi yake ƙarawa. Idan aka tambayi wanda ya tashi a can yadda yake tuna shekarun 1980, labarinsa ba zai yi kama da nawa ba, kuma nasa ba ƙarya ba ne.

Yadda tsarin ya warware ba dare ɗaya ba ne. Shekarun 1970 na kuɗin mai ne: ƙarin albashin Udoji ya shigo hannu a 1975, rediyo da keke da babur suka cika gidaje, ƙasa tana gini har jiragen ruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Legas a wannan shekarar. A 1985 aka buɗe sabon layi mai ƙarfin tan 500,000, aka rufe tsohon a 1986. Amma a 1986 ɗin ne gwamnatin Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji da ake sayowa daga waje suka yi tsada, albashin da ke kai iyali ƙarshen wata ya koma yana tsayawa a tsakiya. Murhun kuma a lokacin da baƙin mai yake aiki, wanda tankoki ke ɗaukowa daga matatar Kaduna, don haka duk lokacin da matatar ta tsaya sai an ji a Kalambaina. Daga nan aka shiga zamanin sayar da kamfanonin gwamnati. A 2000 kamfanin Scancem na ƙasar Norway ya zama babban mai hannun jari, a 2008 kamfanin Damnaz ya karɓa, a 2010 kamfanin BUA na Abdussamad Rabi'u ya saye Damnaz.

A nan labarin Sakkwato ya saɓa wa na sauran wurare, kuma saɓanin ne ya fi koya mini abu. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002. Masaƙar UNTL ta bi ta a 2007. Ɗan Kakuri, unguwar masaƙun, idan yana bege yana iya nuna ginin da ciyawa ta cinye ya ce ga abin da ya kashe unguwarmu. Mu ba mu da wannan hujja. Kamfaninmu bai mutu ba, girma ya yi. A 2018 aka buɗe sabon layi mai tan miliyan 1.5, a watan Janairun 2022 Shugaba Buhari ya zo ya buɗe wani mai tan miliyan 3. Idan aka haɗa da tsohon layin, ƙarfin ya kai tan miliyan 5 a 2022, ninki 50 na abin da aka fara da shi a 1967. Tireloli suna fita dare da rana zuwa Birnin Kebbi da Gusau da Illela. Duk da haka irin garin da muka sani bai dawo ba, ba kuma zai dawo ba.

Dalilan a fili suke. Masana'antar siminti ta zamani daga ɗakin kwamfuta ake tafiyar da ita. Mutane kaɗan a gaban allo suna lura da abin da dā sai an tara jama'a a kansa, don haka siminti yana ninkuwa ba tare da hannaye sun ninku daidai da shi ba. Ayyuka da yawa da dā ma'aikacin dindindin ke yi, irin su gadi da shara da lodi da tuƙi, a masana'antun ƙasar nan yanzu 'yan kwangila ake ba, wanda ya shigo ta hannun ɗan kwangila kuwa ba ya cikin lissafin gida ko asibiti na shekara talatin. Tunanin biyan ma'aikaci ma ya sauya ko'ina: a ba shi kuɗin haya da na sufuri a cikin albashi ya nemi wa kansa, kamar yadda gwamnatin Obasanjo ta yi wa nata ma'aikatan daga 2003, fansho kuma ya koma asusun da mutum ke tarawa da kansa bayan dokar 2004. Sannan birni ya taso ya haɗe da Kalambaina. Ma'aikaci yana iya kwana a Mabera, ya hau babur ya iso kan lokaci, idan an buƙace shi da dare a kira wayarsa. Buƙatar da ta haifi kwatas ta kau. Ɗan ma'aikacin yau yana iya fin mu sutura da abin wasa, mai yiwuwa ma ubansa ya riga ya sayi fili, abin da nake yi masa murna da shi ƙwarai. Amma abokin aikin ubansa yana wata unguwa, makarantarsu daban, ruwansu na 'yan garuwa ne ko rijiyar burtsatse, kowa da janaretonsa ko solarsa.

Shi ya sa nake jin wani iri idan lokacin zaɓe ya zo aka hau mumbari ana alkawarin farfaɗo da masana'antu, na ga tsarata suna tafi da dukkan zuciyarsu. Na san abin da kunnensu ke ji: famfo mai zuba, katin asibiti, makarantar da ɗan direba da ɗan injiniya ke zama benci ɗaya, uba mai dawowa gida da tabbacin gobe. Masana'antu abin so ne, Arewa tana matuƙar buƙatarsu, amma Kalambaina ta riga ta nuna cewa injin yana iya dawowa da ƙarfi ninki 50 ba tare da ya dawo da waɗannan ba. Abubuwan da muke kewa ba sihiri ba ne, layuka ne a cikin kasafin kuɗi: wani ya biya kuɗin famfo, wani ya biya malami, wani ya sayi magani. A da kamfani ya biya wa 'yan ɗaruruwan iyalai da ke cikin waya. Yau mai wannan nauyi ita ce gwamnatin da ke karɓar haraji daga kamfanin da ma'aikatansa, kuma haƙƙin na kowa ne, har da wanda ubansa bai taɓa riƙe katin aiki ba. Wanda ke begen kwatas da gaske, wurin da ya kamata ya kai ƙorafinsa shi ne hukumar ruwa da hukumar ilimin firamare da ƙaramar hukumar Wamakko.

Abin da ya rage a wuyan kamfani kuma doka ta sauya masa alƙibla. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa duk mai lasisin haƙar ma'adini ko fasa dutse ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar da yake aiki a ƙasarta kafin ya fara, a kan abubuwa irin su karatu da koyon sana'a da lafiya da ruwa da hanya, kuma a sake duba ta duk bayan shekara 5. Wannan ya fi kyautar da ake kira 'yan jarida a ɗauki hotonta, domin abin da aka rubuta aka sa wa hannu ana iya bin sawunsa, a tambayi me aka yi alkawari, me aka cika, wa ya wakilci jama'a. Masu kujera a wannan zama su ne mutanen ƙauyukan da ke kewaye, ɗiya da jikokin waɗanda suke kawo mana nono da itace. Mu da muka tashi a ciki muka yi karatu da hasken lantarkin da su ba su samu ba, a cikinmu akwai lauyoyi da akantoci da injiniyoyi da suka iya karanta irin wannan takarda sashe-sashe, kuma dagatai da matasan ƙauyukan nan suna buƙatar wanda zai zauna da su ya karanta musu ita kafin wa'adin sabuntawa na gaba.